Yadda Nake Koyar da Darasin Farautar Kifin Wel ga Yaran da Ba Su Taɓa Ganin Teku Ba

Malamai 'yan uwana masu koyar da bayoloji ko labarin ƙasa a babbar sakandare, wannan naku ne. Idan aka zo babin kiyaye albarkatun ƙasa, abin da aka saba shi ne a rubuta ma'ana a allo, a jera dalilai, yara su kwafa, a buga ƙararrawa kowa ya watse. Ni kuwa a kan kifin wel, ƙatuwar dabbar nan ta teku, nake gina babin gaba ɗaya, alhali yawancin ɗalibaina ruwa mafi girma da suka taɓa gani bai wuce dam ba. Na zaɓe shi ne domin labarinsa cikakke ne. Waɗanda suka yi kisan da hannunsu suka rubuta adadin abin da suka kashe shekara bayan shekara. An san shekarar da aka hana, an ga abin da hanin ya haifar. Kuma rigimar ba ta mutu ba, har gobe ana yin ta, wasu maƙwabtanmu ma suna da ƙuri'a a ciki.

Kayan aikin ba su da tsada: igiya ko zaren buhu mai tsawon mita 30, wake ko tsakuwa ƙwaya 100 da ɗan ƙari a aljihu, kwanon sha, ƙyalle, taswirar duniya, da waya wadda kuka riga kuka sauke gajeren bidiyon wel a kanta tun daga gida, don kada ku tsaya neman sabis a gaban yara. Darasi mai haɗe biyu sau biyu ya isa, na farko a fili, na biyu a aji.

Kada ku fara da bayani. Ku fitar da su filin makaranta, yaro ɗaya ya riƙe bakin igiya, wani ya ja ɗaya bakin har ta miƙe. Sannan su jeru a gefenta, kowa ya buɗe hannuwansa ya taɓa yatsun na kusa da shi, maza layinsu, mata layinsu. Za ta ci yara wajen 20 kafin ta ƙare. A nan za ku gaya musu cewa wannan tsawon dabba ɗaya ne, shuɗin wel, wanda nauyinsa kan kai tan 150, dabba mafi girma a duniya. Sai ku auna mita 7 daga bakin igiyar ku ɗaura alama: jaririnsa ke nan ranar da aka haife shi. Gani ya kori ji. Duk lissafin da zai biyo baya a kan igiyar nan zai rataya.

Tun kuna filin ku nuna musu cewa dabba ce mai shayarwa. Da huhu take numfashi, hancin a tsakar ka, dole ta taso saman ruwa ta shaƙi iska ko ta mutu. Jininta mai ɗumi ne, haihuwa take yi, ɗan ya sha nono. Bindin kifi a tsaye yake, yana kaɗawa dama da hagu. Na wel a kwance yake, sama da ƙasa. Ku sa su kwaikwaya da tafin hannu. Cikin dabbobin tudu da ke raye, dorina ce 'yar uwarsa mafi kusa, kuma wannan kan ba yara mamaki ƙwarai. Akwai masu haƙori, akwai kuma masu matata a baki, waɗanda ke kamfatar ruwa su tace ƙananan jatan lande su haɗiye. Shuɗi na cikin masu matata, haka mai doro, da fin, da sei, da ƙaraminsu minki. Sunaye biyar ɗin nan sun isa, kada ku cika musu kai.

Abin da ke kawo maganar kusa da su shi ne ayu. Ku tambaya wa ya taɓa jin man ayu. Za a ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa, ku bari ta wuce. Ayu yana cikin Binuwai da Neja, shi ma da huhu yake numfashi, uwar tana ɗaukar ciki wajen shekara ta haifi ɗa ɗaya ta shayar da shi. Ana kashe shi saboda nama da mai, doka ta hana amma ba a daina ba. Ba dangin wel ba ne, ya fi kusa da giwa, amma matsalarsu ɗaya: dabba mai jinkirin haihuwa, jikinta ɗauke da man da ake saye da tsada.

Daga nan sai lambobin da nake so su fita da su ko da sun manta komai. Macen shuɗin wel takan kai shekara wajen 10 kafin ta fara haihuwa. Ciki kusan shekara guda. Ɗa ɗaya tak, wani kuma sai bayan shekara 2 ko 3. Kifi na sosai kuwa ƙwai dubbai yake zubawa a lokaci guda. Su rubuta wannan a shafi na dabam, za a dawo kansa.

Tarihin, ku taƙaita farkonsa. Mutanen bakin teku sun daɗe suna farautar wel da kwale-kwale da mashin hannu, kuma a ƙarni na 19 jiragen Amurka daga Nantucket da New Bedford sun karaɗe tekunan duniya suna neman man fitila. Za ku ji ana cewa kananzir ne ya ceci wel bayan an haƙo fetur a Pennsylvania a 1859. Ku gyara wannan a aji, domin kisan da ya fi muni bayan kananzir ya zo. A 1870 wani ɗan Norwe, Svend Foyn, ya yi rajistar mashin da ake harbawa da igwa, mai nakiya a kai da ke fashewa a cikin jikin dabbar. Da wannan mashi da jirgi mai inji aka iya cim ma shuɗi da fin, waɗanda a da gudunsu ya fi ƙarfin masu kwale-kwale. A 1904 Carl Anton Larsen ya kafa tashar Grytviken a tsibirin South Georgia, ƙofar tekun Antatika. A 1925 aka fito da jirgin masana'anta mai gangara a bayansa, a jawo wel sukutum, a feɗe, a narke kitsen a tsakiyar teku, ba sai an koma gaɓar wata ƙasa ba balle hukumarta ta sa ido. A kakar 1930 zuwa 1931 kaɗai an kashe shuɗin wel fiye da 29,000. A ƙarni na 20 gaba ɗaya, wel kusan miliyan 3.

Yara za su tambaya me ake yi da man tunda ga kananzir. Amsar ta biyo ta ƙofar gidanmu. A farkon ƙarni na 20 aka gano yadda ake daskarar da mai mai ruwa-ruwa a yi botar gwangwani da sabulu da shi, sai masana'antun Turai suka shiga neman kowane irin mai ido rufe. Buƙatar nan ce ta ja gyaɗar Kano zuwa Turai bayan isowar jirgin ƙasa, ita ce kuma ta tura jirage Antatika. Kamfanin Unilever, uwar UAC da kakanninmu suka sayar wa gyaɗa, yana cikin manyan masu sayen man wel a shekarun 1930. Man gyaɗa da manja da man wel a kasuwa ɗaya suke gogayya. Sai dai ita gyaɗa, in an kwashe ta bana, ana shuka wata baɗi.

Wasan wake

Nan ne darasin yake, ku ba shi lokaci. Ku zuba wake 100 a kwano, ku ce tekun Antatika ke nan. Ku raba aji gida huɗu, kowane gida ƙasa ce mai jiragen farauta, su zaɓi kyaftin. Kowane zagaye shekara ɗaya ce, kyaftin ya zo ya ɗebi iya son ransa. Bayan kowane zagaye za ku ƙirga abin da ya rage, ku ƙara ƙwaya 1 a kan kowace 10, wato haihuwa. Ku gaya musu kun yi wa wel alfarma ne ma, domin irin wannan saurin sai mai doro a wuraren da ya fi murmurewa, shuɗi bai kai haka ba. Gidan da ya fi tara wake shi ya ci. A wannan karon ku hana gidajen shawara da juna.

Kwanon ba ya kai zagaye na uku. Sau da yawa kyaftin na farko kan ji kunya ya ɗebi kaɗan, na biyu ya dumbuza, na ƙarshe ya kwashe saura yana cewa in bai kwashe ba wani zai kwashe. Kada ku yi musu faɗa. Ku rubuta maganar nan tasa a allo yadda ya faɗe ta, domin da ita kowace ƙasa ta kare kanta a wancan zamani. Sannan su lissafa nawa ya kamata a ɗiba a shekara kwano ya zauna yadda yake. Za su sami 9: a cire 9, saura 91, a ƙara 9. Kowane gida 2 ke nan, da rarar ɗaya.

Lissafi na biyu ya fi shiga jiki. A ce saura 10 a kwano, kowa ya ajiye mashinsa, zagaye nawa kafin a koma 100? Su bi shi a littafi, 10, 11, 12, har sama, ba tare da ƙirga rabin ƙwaya ba. Zagaye 29 ne, ga abin da suka kwashe cikin zagaye biyu. Yanzu ku kawo ainihin adadin. Shuɗin wel na Antatika ya haura 200,000 kafin jirage su isa wurin. Zuwa farkon shekarun 1970 masana sun ƙiyasta saura ɗaruruwa kaɗan. A kwanonmu ko rabin ƙwaya bai kai ba. An hana kashe shi tun tsakiyar shekarun 1960, amma har yau dubbai kaɗan ne. Ku ce su buɗe shafin nan na lambobin haihuwa su gaya muku dalili.

Karo na biyu da hukuma za a yi. Ku mayar da wake 100, shugabannin jiragen su zauna su yanke wa kowa kasonsa, ku naɗa sakatare mai rubuta abin da kowa ya ce ya ɗiba. Amma yanzu a rufe kwanon da ƙyalle, kowa ya sa hannu ta ƙasa, ba mai ganin na wani, ku kaɗai za ku riƙa ƙirgawa kuna ƙara haihuwa. Tun kafin darasi ku keɓe kyaftin ɗaya, yaro mai farin jini wanda ba za a tsangwama ba bayan an tashi, ku ce ya riƙa ɗibar 10 yana faɗin 2. Bayan zagaye biyar a buɗe a ƙirga a gaban kowa. Littafin sakatare zai ce teku cike take, kwano ya ƙaryata shi.

Ku bar su su ɗan zargi juna, sannan ku bayyana cewa ku kuka sa shi, ku ba su labarin. An sa hannu kan yarjejeniyar farautar wel a Washington ranar 2 ga Disamba 1946, daga ita aka sami hukumar kula da farautar wel ta duniya, IWC. Tarayyar Sobiyet tana cikin hukumar, tana kawo rahoto duk shekara, alhali daga 1948 zuwa farkon shekarun 1970 jiragenta sun kashe wel wajen 180,000 da ba su shiga rahoto ba, har da nau'o'in da aka riga aka hana, har da uwaye masu shayarwa. Sai a 1993 masanin Rasha Alexey Yablokov ya fasa ƙwai. Wasu masanan da suka yi aiki a jiragen ne suka adana takardun gaskiya a ɓoye shekara da shekaru.

Ko ba ha'inci ma, ma'aunin da hukumar ta fara da shi gurgu ne, domin mai take aunawa, ba dabba ba. Shuɗi 1 daidai da fin 2, ko mai doro 2 da rabi, ko sei 6, kuma kason Antatika na farko awo 16,000 ne a shekara. Ku ba su a matsayin lissafi. Fin nawa ke nan? 32,000. Sei nawa? 96,000. Sannan ku tambayi yaro, in kai ne kyaftin, wanne za ka fara bi? Da kansu za su gano abin da ya sa aka ƙarar da su bi da bi daga babba zuwa ƙarami, shuɗi, fin, sei, har aka gangaro kan minki wanda a da ba a kula shi. Sai a 1972 aka yi watsi da wannan ma'auni.

Hani, da waɗanda ba su daina ba

A 1972 taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Stockholm ya nemi a dakatar da farautar kasuwanci na shekara 10. IWC ba ta amsa ba sai a Yulin 1982 a Brighton ta Ingila, da ƙuri'a 25 da 7, ƙasashe 5 suka ƙaurace, hanin ya fara aiki daga kakar 1985 zuwa 1986. Ƙasar da ta gabatar da ƙudurin ita ce Seychelles, 'yar ƙaramar ƙasar tsibirai ta Afirka. Ina son yara su ji wannan, domin da yawansu sun ɗauka kishin dabbobi na Turawa ne kaɗai.

Ku nuna musu ƙasashe uku a taswira. Norwe ta yi amfani da damar da yarjejeniyar ta bayar ta ƙin amincewa a rubuce, don haka hanin bai hau kanta ba, ta koma farautar minki a 1993. Aisland ta fita daga hukumar a 1992, ta dawo a 2002 da sharaɗi, ta koma farautar kasuwanci a 2006, ta riƙa kashe fin ana kai yawancin naman Japan. Ita Japan ta wata ƙofar ta bi. Sashe na 8 na yarjejeniyar ya halatta kisa don bincike, sai ta shiga ba jiragenta izinin bincike daga 1987, naman kuma a kasuwa yake ƙarewa. Ostireliya ta kai ta Kotun Duniya, ranar 31 ga Maris 2014 kotun ta yanke cewa shirin Japan na Antatika ba na bincike ba ne. A ƙarshen Yunin 2019 Japan ta fice daga hukumar, ranar 1 ga Yuli ta koma farautar kasuwanci a ruwanta. A 2024 ta fito da sabon jirgin masana'anta, Kangei Maru, ta ƙara fin cikin abin da ake kamawa. Kada ku haɗa waɗannan da 'yan asalin Alaska da Greenland da Chukotka ta Rasha da tsibirin Bequia, waɗanda hukumar ta yanke wa ƙayyadadden adadi don ci.

A nan malami sai ya yi hattara. Abu ne mai sauƙi aji ya tashi da cewa mutanen Japan mugaye ne, kuma wannan ba ilimi ba ne. Ku faɗi hujjarsu da ƙarfinta. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da yunwa ta addabi Japan, da naman wel aka ciyar da yaran makaranta, kuma akwai garuruwan da suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Minkin da Norwe ke kamawa ba ya cikin haɗarin ƙarewa. Suna kuma cewa ƙasashen da suka fi ɗaga murya yau, Birtaniya da Amurka da Ostireliya, da su aka yi ɓarnar jiya, sannan mai cin naman sa ba shi da bakin hana wani cin nasa. Maganar tana da nauyi, yaranmu kuma suna jin ta sosai.

Ni dai ra'ayina, kuma a matsayin ra'ayina nake faɗa musu, hanin ya kamata ya tsaya. Ƙirga dabbar da ke yawo daga wannan ƙarshen duniya zuwa wancan ba wasa ba ne, kuma kwanon da aka rufe da ƙyalle ya nuna yadda kaso ke ƙarewa in ba mai gani. Sei da Japan ke kamawa yana cikin jerin dabbobin da ke haɗarin ƙarewa, fin ma bai gama murmurewa ba. Buƙatar naman ta mutu: a 1962 Japan ta ci wajen tan 230,000, yanzu tan dubu ƙalilan ne, tallafin gwamnati ya daɗe yana riƙe da sana'ar, Norwe kuma ba ta iya cike kason da ta yanke wa kanta. Sannan ko babu mashi wel yana da masu kashe shi. Taru da igiyoyin masunta suna sarƙe shi, manyan jirage suna banke shi, ƙarar injuna da ta masu neman fetur a ƙarƙashin teku tana dame sautin da suke kiran juna da shi, wasu kuma a kan sami cikinsu cike da leda. Akwai wani nau'i a gabashin Amurka da Kanada da bai kai 400 ba, an daɗe da daina farautarsa, igiya da jirage ke ƙarar da shi.

Kada ku bar su da baƙin labari kaɗai. Mai doro da ke haihuwa a gaɓar Brazil ya ragu zuwa wajen 450 a shekarun 1950. Binciken da aka fitar a 2019 ya ƙiyasta ya kai kusan 25,000. Ba a ciyar da shi ba, ba a yi masa allura ba, ƙyale shi kawai aka yi. Nan ne wurin kunna bidiyon.

Tambayoyi biyu da ba sa wucewa

Ta farko: Malam, ai halal ne. Yaron da ya yi karatu zai kawo hadisin rundunar Abu Ubaida, mutum 300 da yunwa ta kama har suna cin ganye, teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabba da ake kira Anbar, suka yi kwanaki suna ci, aka kafa haƙarƙarinta mutum ya wuce ta ƙarƙashi a kan raƙumi, Annabi (SAW) ma ya ci daga naman da suka kawo Madina. Ku yaba masa, hadisin ingantacce ne. Sannan ku tambayi aji: su suka kashe ta ko teku ce ta jefo ta? Don yunwa suka ci ko don riba? Guda nawa? Ku kawo kuma hadisin da ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, in za a yanka a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Ku ajiye shi kusa da rahoton hukumar kula da abinci da lafiyar dabbobi ta Aisland, wanda ya duba fin 148 da aka kashe a 2022 ya gano kusan kashi ɗaya cikin huɗu sai da aka harbe su fiye da sau ɗaya, wani ma ya yi wajen awa 2 kafin ya cika. Rahoton ne ya sa ministar abinci ta ƙasar, Svandís Svavarsdóttir, ta dakatar da farautar a Yunin 2023, kafin a sake buɗewa a Satumba da sababbin sharuɗɗa. In malamin addini na makarantarku zai yarda ya zauna a wannan sashe, ku gayyato shi. Labarin Annabi Yunusa ma zai taso, daga ɗalibai Musulmi da Kirista duka.

Ta biyu: ina ruwanmu? Ku koma taswira ku ɗora yatsa a kan tekun Gini. Daga wajen Yuli zuwa Oktoba mai doro yana tasowa daga ruwan sanyi na kudu ya zo ya haihu a ruwan Gabon, har zuwa gaɓar Najeriya da Benin da Togo da Ghana. Jiragen Turawa sun farauce shi a Cap Lopez ta Gabon daga 1912, suna yi suna dainawa, har 1959. Wato wel da ake rigima a kansa, wasunsu a bakin tekunmu aka haife su. Najeriya da Nijar ba sa cikin IWC, amma Ghana da Kamaru da Benin da Togo da Senegal da Gini suna ciki, har da Mali da ba ta da teku, kuma ƙuri'ar kowacce daidai take da ta Amurka. Wasu daga cikinsu sun sha tsayawa tare da masu farauta da hujjar wadatar abinci. Gabon kuwa tana cikin masu neman a mayar da kudancin Atlantika wurin da ba a farauta, tare da Brazil da Ajantina da Afirka ta Kudu. Ƙudurin yana buƙatar kashi uku cikin huɗu na ƙuri'u, kuma a taron Lima na 2024 da ƙuri'a ɗaya ya faɗi. Hujjar wadatar abincin nan ni ba ta gamsar da ni ba, domin ba da naman wel mutanen ƙasashen suke rayuwa ba, kuma masuntan Senegal da Ghana da kansu manyan jiragen kamun kifi na waje suke kuka da su. Amma ku bar yara su auna ta da kansu.

Minti 20 na ƙarshe na muhawara ne. Gidajen nan huɗu su zama Japan, Norwe, Brazil da Gini, a jefa ƙuri'a wajen rabawa don kada kowa ya zaɓi inda zuciyarsa take. Kowane gida minti 3, kuma duk wanda ya kawo hujja sai ya haɗa ta da shekara ko adadi daga abin da aka yi a darasi. Wanda ya zagi wata al'umma ya rasa makinsa. Ku ba da maki mafi yawa ga gidan da ya iya faɗin hujjar abokin hamayyarsa daidai kafin ya amsa ta.

Aikin gida kuwa ba na wel ba ne. Kowane ɗalibi ya nemi dattijo ɗaya, masunci ko maharbi ko makiyayi ko mai sayar da maganin gargajiya, ya tambaye shi wace dabba ce ko wane kifi yake gani da yawa yana yaro wanda yanzu ya yi wuya, me ake nema a jikinta, nawa take haifa, kuma akwai wata doka ta sarkin ruwa ko ta gwamnati a kanta. Shafi ɗaya, da Hausa ko da Turanci, ba tare da sunan dattijon ba in abin da ya faɗa zai iya jawo masa magana. Ku ba su mako biyu, domin wasu sai sun je ƙauye ranar kasuwa kafin su sami wanda za su tambaya.